Fiffiken Hagu na Jirgin Baba

Litinin, 4 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Bangon ɗaki yana zufa. Madubi ma haka, har tayil ɗin ƙasa, sai da na shimfiɗa kwali daga bakin gado zuwa ƙofa don kada in zame. Duk shekara haka Guangzhou take yi idan Maris ya kama, amma bana kamar an tsoma garin gaba ɗaya a ruwa an ɗago. Na wanke jallabiyar Baba tun ranar Asabar, har yanzu ba ta bushe ba.

Ban je Xintang ba. Akwai dilar wandunan jins tana jira in duba ɗinki, na ce wa mai kayan sai wani satin. Ba ta tambaye ni dalili ba, wato ta ji.

A asibitin da Baba yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye ranar Jumma'a, hawa na tara, daga ƙarfe uku zuwa huɗu kawai suke barin mutum ya shiga. Sauran awannin ban san inda zan kai su ba. Shi ya sa na sayi wannan littafin.

Talata, 5 ga Maris, bayan la'asar

Kawu Ussif ya tare ni a bakin lifta. Shekara goma sha biyar ke nan shi da Baba suna lodin kwantena a Huangpu, shi na Tema, Baba na Legas, amma har yau Hausarsa ta zangon Kumasi ba ta san mace ba. Kowa "kai" ne a wurinsa.

"Surayya, ka ci abinci?"

Na ce na ci.

"Ka yi ƙarya." Ya miƙo min leda, a ciki akwai hular Baba da makullai da tabarau. "Laoban Fang mai shago ya yi waya. Ya ce tankin iska na Malam Shitu na nan cike tun Jumma'a, shi kuma ba ya taɓa kayan Malam. Ka je ka sauke shi."

Na ce ban san kan injin Baba ba. Gaskiyar magana, shekara biyu rabona da wurin.

Tabarau ɗin ya tsage ta gefe ɗaya. Na sa shi a jaka, ban sake dubawa ba.

Laraba, 6 ga Maris, ƙarfe huɗu da kwata

Yau ma Baba silin yake kallo.

Alhamis, 7 ga Maris, da azahar

Na je. Hazon ruwa ya rufe kogi, manyan ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa suna tsaye a cikinsa ba ƙafafu, sai wuyansu kawai ake gani.

Laoban Fang tsoho ne siriri mai ƙera tagogi da kantocin alminiyam. Da ya gan ni ya kashe zartonsa, ya goge hannu, ya ɗaga labulen ledar da ke ƙuryar shagon. Ya yi min nuni in shiga. Ko da ya yi magana, Sinancina na kasuwa ne: nawa, babu, na gode.

Jirgin Baba ya girma. A da na bar shi tarin ƙarafa ne. Yanzu yana tsaye a kan tayoyi uku, fari sol, mai kujera biyu, kamar kwalekwalen da ya ƙi ruwa. Fiffiken dama an gama shi, yana rataye a bango. Na hagu yana kwance a kan tebur, an rufe rabinsa, sauran rabin ƙananan maƙalai ne suke riƙe da fatar, tsaye-tsaye kamar ƙayar bushiya. Shekara ashirin Baba ya yi yana gyaran jiragen wasu a filin jirgin Kano kafin kamfaninsu ya durƙushe. Wannan nasa ne. Shekara shida yana haɗa shi, duk Jumma'a da Lahadi. Ya ce zai kai shi gida a kwantena, a duba shi, ya koyi tuƙi ko da ya kai saba'in.

Bindigar ribitinsa tana ƙasa, tiyon iska yana jikinta. Baba bai taɓa ajiye ta a ƙasa ba.

Na ɗauke ta. Ta fi yadda nake zato nauyi, kuma mariƙinta ya goge daidai inda yatsunsa suke zama.

Jumma'a, 8 ga Maris, da hantsi

Akwai kwali manne a bango, Baba ya cika shi da ajami. Ni ajamina ya tsaya a makarantar allo, sai na ɗauki hoto na aika wa Kawu Ussif. Maimakon ya karanta min ta waya, sai ga shi da kansa da ƙunshin shinkafa da wake.

Ya sa yatsa yana bi. "Kafin aiki, ɗigo uku na mai a mashigar iska. A zubar da ruwan tanki kullum, garin nan iskarsa ruwa ce. Kada allurar ma'aunin iska ta wuce shida da rabi. Idan kwalbar baya ta kai rabi, a juye tsinkaye." Ya tsaya ya share ido, ya ce ƙurar alminiyam ce.

Na murɗe fanfon da ke gindin tanki. Ruwa ja mai tsatsa ya feso, iska ta biyo shi da doguwar ajiyar zuciya, har ta ƙare. Aikin da aka aiko ni ke nan, na gama. Amma ban tafi ba.

Laoban Fang ya kawo guntayen alminiyam biyu masu huji. Ya nuna min da hannu. Ribiti ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai hula, da tsinke a tsakiyarsa. A zura tsinken a bakin bindiga, a sa ribitin a rami, a miƙe bindigar sak, a danna da ƙarfi, a ja kunama. Na ja. Ta ce tus, ta ce ƙas, tsinken ya karye ya faɗa kwalbar baya. Guntayen biyu sun zama ɗaya.

Na yi arba'in kafin in farga lokacin asibiti ya yi.

Lahadi, 10 ga Maris, bayan magariba

Yaya Salihu ya kira daga Kano. Ya ce da zarar likitoci sun yarda a sa Baba a jirgi a dawo da shi gida. Na ce to. Ya ce shagon lodi Kawu Ussif zai riƙe. Na ce to. Ya ce wancan tarkacen kuma a nemi masu sayen alminiyam su kwashe, tunda dai yanzu.

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ƙarasa masa ba.

Talata, 12 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Na yi mafarki muna sama. Ba ƙarar inji, sai iska. Mun bi kogin nan har ya zama teku, tekun kuma ya zama dam ɗin Tiga ba tare da na ga inda aka sauya ba. Na ga rufin kasuwar Kwari, na ga Goron Dutse ƙarami kamar curin fura. Baba yana ta yi min bayani, bakinsa yana motsi daidai, dukkan ɓangarorin biyu. Ban ji abin da yake cewa ba, amma na san yana magana.

Jiya na fara a kan fiffiken gaske. Laoban Fang ya tsaya a kaina na goman farko, sannan ya koma kan tagoginsa. A cire maƙali ɗaya, a sa ribiti ɗaya. Tus, ƙas. Idan na kama layi ba na tunanin komai. Ɗigo uku, ruwan tanki, allura.

Alhamis, 14 ga Maris, ƙarfe biyar

Na gaya wa Baba ina zuwa shagon. Na ce na yi layi huɗu. Nas ɗin ta ce in riƙa yi masa magana, yana ji. Na riƙe hannun hagun, wanda yake iya matsewa. Bai matse ba.

Ɗigo uku, ruwan tanki, allura.

Jumma'a, 15 ga Maris, da azahar

Bindigar ta fara zamewa. Sai na ja sau biyu, sau uku, kafin tsinke ya karye. Na ci gaba, don ban so in tsaya. Can sai ta riƙe wani tsinke a maƙogwaronta, ba gaba ba baya. Na girgiza ta, na buga ta a tafin hannu. Shiru.

Na zauna a ƙasa da ita a cinyata, na yi kukan da ban yi ba tun waccan Jumma'ar. Ina ta cewa na kashe ta, na kashe ta. Ban san da ƙarfi nake faɗa ba sai da na ji zarton ya tsaya.

Laoban Fang ya tsuguna. Ya fara zare tiyon iska, ya nuna min da yatsa cewa wannan shi ne farko, kullum. Ya kwance kan bindigar da sifana, ya juye a tafinsa. Haƙora uku ne ƙanana suka faɗo, da sifirin. Ƙurar alminiyam ta cike tsakaninsu har sun yi sumul, ba abin da za su iya cizawa. Ya zuba kananzir a murfin gwangwani, ya miƙo min tsohon buroshin haƙori.

"Meiyou huai," ya ce. Ya ɗaga wayarsa ta fassara min da muryar mace: ba ta lalace ba, datti ne.

Na wanke su ɗaya-ɗaya. Na shafa musu mai kaɗan, na mayar. Ta ce tus, ƙas, a ja ɗaya. Ashe akwai layi na ƙarshe a kwalin Baba, akwatin kayan aiki ya tare shi: a wanke haƙora duk Jumma'a.

Ribiti shida da na sa tana zamewa ba su zauna ba. Sai da muka huda kawunansu da injin huji muka fitar. Tsohon ya ɗora hannunsa a kan nawa har muka gama.

Asabar, 16 ga Maris, da hantsi

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci abin, ya roƙe ni in zo washegari in riƙe masa fatar fiffike, aikin mutum biyu ne. Na ce ina da kaya a Xintang. Ya sake roƙo. Na ce Baba, jirgin nan ba zai tashi ba, kowa ya sani, nauyinka kawai ake ji. Ya yi murmushi ya ce to Allah ya kai mu.

Da na je, da ba shi kaɗai ba ne a bayan labulen. Zarto yana ƙara. Ba wanda ya san minti nawa ya yi a ƙasa.

Litinin, 18 ga Maris, da la'asar

Na gaya wa Kawu Ussif. Na zaci zai yi min wa'azi. Sai ya ce, "Tashi ka shiga jirgin."

Na ce me zan yi a ciki.

"Shiga dai. Ba hagu ba, dama."

Na taka na shiga. Kujerar ba katifa tukuna, faranti ne kawai. Na miƙe ƙafa, sai ga tafina a kan matakan tuƙi daidai, ba sai na matsa ba. Ni da ko a bas ƙafata ba ta kai ƙasa.

"Na hagu nesa yake, tsawon Malam," in ji Kawu. "Wannan ya matso da shi. Bara ya auna takalminka da tsawon zanenka ba ka sani ba. Na ce Malam, yarinyan nan ba ya son jirgi. Ya ce zai so."

Na daɗe a zaune. Ta inda gilashi zai kasance ina kallon rufin kwano, sai rufin ya riƙa yin nisa.

Talata, 19 ga Maris, da asuba

Sun kira. Zazzaɓi. Sun mayar da shi ɗakin da ba a shiga, sai dai a gan shi ta gilashi.

Laraba, 20 ga Maris

Ta gilashi.

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Ta gilashi. Ban je shago ba. Tankin yana can da ruwansa.

Asabar, 23 ga Maris, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka jiya. Na fito daga asibiti na yi ta tafiya ban san inda na nufa ba. Itatuwan gurjiya na bakin titi sun yi fure ja, ba ganye ko ɗaya. Furen ba ya saukowa a hankali, faɗowa yake tim kamar an jefo shi. Tsofaffin mata suna bi da leda suna tsincewa, wai busarwa suke a yi shayi. Wata ta ga na tsaya ina kallo, ta sa min ɗaya a hannu, ta wuce. Yana da nauyi da sanyi, kamar hannun jariri.

Na kai shi shago na ɗora a kan fiffike. Na zubar da ruwan tanki, ya fi na kullum yawa. Na wanke haƙoran da na tsallake jiya. Na yi layi tara. Rana ta fito karo na farko cikin sati uku, ta shigo ta ramukan da ban cike ba, ta zuba ɗige-ɗige a kan siminti. Duk ribitin da na sa, ɗigo ɗaya ya mutu. Na ji tausayinsu, amma na ci gaba.

Litinin, 25 ga Maris, bayan magariba

Likita ta ce nan da sati biyu zai iya hawa jirgi, da kujerar guragu da mai rakiya. Na kira Yaya Salihu na gaya masa. Ya yi hamdala. Sannan ya ce ya sami wani a nan da zai zo Laraba ya auna alminiyam ɗin.

Na ce, "Yaya, kada ya zo."

Tunda aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba.

"Surayya, me za a yi da shi? Kin ga Baba da idonki, ni ban gani ba. Gaya min gaskiya, zai tuƙa jirgi?"

Na ce ban sani ba.

"To fa?"

Na ce ban sani ba, amma ba za a auna shi a sikeli ba yana raye. Kawu Ussif ya ce akwai wuri a kwantenar Legas ta watan gobe. Idan an cire fukafukai zai shiga. Sai a ajiye shi a garejin gidan Sharaɗa.

Na ji yana numfashi. Can ya ce, "Yana cin abinci kuwa?" Na ce kunu, cokali biyar. Ya ce, "To ki ba shi shida." Ya kashe wayar da sauri, na san dalili.

Laraba, 27 ga Maris, da azahar

Fiffiken hagu ya rufu. Maƙali na ƙarshe ya fita ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Laoban Fang ya bi layukan da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, ya gyaɗa kai, ya je ya dafa shayi ya kawo min a ƙaramin kofi kamar murfin kwalba.

Saura wani ɗan faranti na wutsiya, tsawonsa kamu ɗaya, ribiti goma sha biyu. Na yi shi ni kaɗai, ba wanda ya tsaya a kaina. Zai shiga jakata.

Ina tsoro. Idan Baba ya kalle shi yadda yake kallon silin fa?

Alhamis, 28 ga Maris, ƙarfe huɗu da rabi, a kan bencin asibiti



An dawo da shi ɗakinsa na da, sun jingina shi da matasai. Na gaishe shi, na ba shi kunu, ya sha shida. Na yi ta jan lokaci har saura minti goma. Sannan na fito da farantin na ɗora a kan bargo, kusa da hannun hagu.

Da farko ba komai. Sai yatsun suka motsa. Suka hau gefen farantin, suka shafa, suka sami layin. Idonsa ya sauko daga silin. Babban yatsansa ya fara bin kawunan ribitin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana zagaya kowanne da farce. Na ɗaya. Na biyu. Ina ƙirgawa a zuci. A na bakwai ya tsaya. Ya sake zagayawa. Farcen ya shiga ƙarƙashin hular.

Bakinsa ya yi ta kokawa. Na sunkuya har kunnena ya kusa taɓa gemunsa.

"Wa?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Ni na yi."

Ya kalle ni. Ni ɗin ya kalla, ba bayana ba. Ya ƙwanƙwasa na bakwai ɗin da farce sau biyu.

"Sake."

Kwana ashirin da bakwai rabonsa da magana. Na fashe da dariya, dariyar ta juye, na kifa kaina a kan bargon. Nas ta shigo a guje tana tambaya da Sinanci, na kasa yi mata bayani, sai nuna mata farantin nake. Na ji hannun hagun ya bar alminiyam ya sauka a kan ɗankwalina, ya zauna.

Na duba a hasken taga kafin in fito. Gaskiyarsa ne. Na karkata bindigar kaɗan, hular ta ɗaga ta gefe ɗaya, ko kaurin takarda bai kai ba.

Jumma'a, 29 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Na riga Laoban Fang zuwa, na jira shi a bakin ƙofa. Na huda na bakwai na fitar, na sa sabo, na miƙe bindigar sak. Na gwada da farcena ta kowane gefe, bai shiga ba.

Ƙarfe uku zan kai masa ya duba. Saura biyar bai taɓa ba tukuna.